Kati Talatin da Shida a Aljihun Ladan

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da tarihi a wata sakandare a Kano kafin rayuwa ta mai da ni akawu a ofishin aika kaya a Al Qusais da ke Dubai, amma ban taɓa haɗuwa da wanda ya ɗauki tambayar "yaushe?" da nauyi kamar maƙwabcina na hawa na uku ba. Ni da gwamnati ta riƙa biya don in amsa wannan tambayar, daga bayan littafi nake leƙo amsa in rubuta a allo da ƙarfin hali. Shi a jikin takarda yake nemo tasa, kuma ba ya gaggawa.

Mutumin Filato ne, Kirista, dattijo siriri mai furfura har a gira. Gyaran injinan buga takardu yake yi a wata maɗaba'a a unguwar Al Quoz. Duk benenmu Injiniya ake ce masa, shi kuma Ticha yake ce mini, da wata murya da har yau ban tantance ba ko girmamawa ce ko tsokana. Su biyar ne a fulat ɗinsu, kowa da gadonsa da labulensa. Huɗun suna tara tsarabar gida a ƙarƙashin gado: bargo, tukunyar lantarki, takalman yara da za su matse su kafin uban ya samu hutu. Ƙarƙashin nasa gadon kwalayen takalma ne jere, babu takalmi ko ɗaya a ciki, sai katin duba na Turawan da.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ƙananan katuna ne kamar na karta, sai dai kowanne da hotonsa da lambarsa: mahayin doki, jirgin ruwa, gida, maciji, mabuɗi, wasiƙa, akwatin gawa. Matan Turai kan cakuɗa su, su baza a tebur, su gaya wa maƙwabciya ko wasiƙa na tafe, ko miji, ko duka biyun. Mu da muka taso ana gaya mana bugun ƙasa aikin waɗanda ba su je makaranta ba ne, na ɗan ji sanyi a raina da na ga waɗanda suka kawo mana makarantar su ma suna da nasu, har da launi.

A sito-siton Al Quoz yake samo su, inda ake gwanjon kayan Turawan da kwangilarsu ta ƙare suka kama hanya. Kowa a Dubai da niyyar tafiya ya zo, kuma in ranar ta zo aka ɗora kaya a sikeli, akwatin tarkacen kaka shi ne farkon wanda ake saukewa. Ranar Asabar sai Injiniya ya shige cikin kwalaye, tsakanin matattun fitilu da littattafan girki, ya fito da ƙura a gira da ɗan ƙulli a hannu yana murmushi shi kaɗai a cikin jirgin metro.

Ba ya yi wa kowa duba. Wani direba ya taɓa tasowa tun daga unguwar Muhaisnah, ya ji labarin akwai ɗan Arewa mai kati, yana so a gano masa ko za a sabunta masa biza. Injiniya ya zaunar da shi, ya ba shi shayi, ya zaro kati ɗaya ya ɗaga shi a hasken taga.

"Ɗan'uwa, abin da na gano shi ne, lokacin da aka buga wannan, kakanka ko kaciya ba a yi masa ba. Zancen biza kuwa, gaskiya ofishinsu ya fi ni sani."

Shekarun kati yake nema, shi ke nan. Na sha zama a bakin gadonsa ina kallon yadda yake yi. Yakan fara da kusurwa: na da can kusurwarsu a tsaye take kamar ta bulo, daga baya aka koyi zagaye ta don kada ta riƙa lanƙwashewa. Sai launi. A da da hannu ake shafa shi ta cikin takarda mai huji, shi ya sa jan rigar mahayi kan tsallake layi ya hau wuyan doki. Wasu ƙasashen sukan buga hatimin haraji a kan kati ɗaya daga cikin ɗaurin, hatimin kuwa yana canzawa in mai mulki ya canza, abin da ya sa na fara ganin juyin mulki ma yana da nasa amfanin, ga masu bincike dai. Yana duba jirgin ruwan, na iska ne ko mai hayaƙi. Yana duba hular matar. Daga ƙarshe ya fito da ɗan gilashinsa na aiki mai ƙara girma, wanda bai fi murfin kwalba ba, ya kifa shi a kan hoton ya manna ido, ya daɗe kamar ya yi barci.

Dokokinsa biyu ne. Ba ya faɗin shekara guda tilo, iyaka yake kafawa, "ba kafin kaza ba, ba bayan kaza ba," ya rubuta da fensir a 'yar takarda ya jefa a kwalin. Kuma ba ya buɗe baki sai gilashi ya sauka a kan kati. Sau ɗaya na ga ya karya ta biyun, kuma a kanmu ta faɗa.

Yayata 'yar kasuwa ce. Sau biyu a shekara take zuwa sarin abaya da takalma, kuma ta ofishinmu take aika kayanta, don ta ce in ma cutarta za a yi, gara ɗan'uwanta ya gani da idonsa. Zuwanta na farko bayan rasuwar mahaifinmu, wata Asabar, aka gama auna mata kaya amma ba ta tashi ba. Ta jira abokan aikina suka fita cin abinci, ta ce in tura ƙofa. Ta zaro wata 'yar jakar yadi daga cikin jakarta, ta ajiye a teburina da yatsa biyu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera.

"Buɗe ka gani."

Kati ne, ɗauri guda, sun yi ja-ja kamar takardar naɗe tsire. Na sama mahayi ne. Na leƙa ƙasa kaɗan, ga maciji, ga akwatin gawa. Na mayar da su yadda suke.

"Daga ina, Yaya?"

"Aljihun Baba. Na ciki, na babbar riga. Ranar rabon kaya, a gaban Kawu."

Mahaifinmu ladan ne. Fiye da shekara arba'in yana kiran salla a masallacin unguwarmu, kuma duk tsawon lokacin nan ba ya gani, don ina aji shida na firamare idonsa ya tafi. Bayan rasuwar mahaifiyarmu Yaya ce ta riƙe shi, ita ce wanki, ita ce abinci, ita ce yankan farce. Kawu kuwa ƙanensa ne, mutumin da Allah ya hore wa iya yin magana a hankali ta yadda za ta zaga unguwa kafin la'asar.

"Me ya ce?"

"Wai makaho dai ba ya duba, amma ai ba makaho aka haife shi ba. Wai wa ya san abin da yake yi a garuruwan da aiki ya kai shi yana saurayi. Wai abin da mutum ya riƙe a ƙirjinsa har mutuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. A ƙona, a yi shiru. Shirun Kawu! Matar liman har ta zo yi mini gaisuwa ta biyu, tana kallon ƙasa."

Ta ƙi ƙonawa. Ta ce wa Kawu za ta kai wa masana, in ta dawo za ta faɗi abin da aka gano a gaban dangi, da daɗi ko ba daɗi. Masanan da take nufi ni ne.

"Kai ka sha bokon nan har ya fito maka ta hanci. Ka gaya mini tun yaushe abin nan yake duniya. In ya riga makantarsa, to Kawu ya ci, sai in koma in sunkuyar da kai. In kuwa bayanta ne…"

Ba ta ƙarasa ba. Ranar Alhamis za a rufe kwantena, ta bi jirgin yamma. Na ce mata sarakunan Kano zan iya jero mata su da tsawon sarautar kowanne, amma takarda ba fannina ba ce. Akwai dai wani a benenmu.

Washegari Lahadi muka tare shi a shagon shayin da ke ƙasan bene, yana dawowa daga coci, da kwat ɗinsa da Littafinsa a hammata. Yaya ba za ta hau fulat ɗin maza biyar ba ko da duka limamai ne. Suka gaisa irin gaisuwar gida, ya hanya, ya ƙarin haƙuri, ya iyali a Jos, har ɗan Indiyan da ke zuba shayin karak ya gaji da jira ya ajiye kofuna ya tafi. Na tura masa jakar ban ce komai ba. Wannan laifina ne, ya kamata in fara ba shi labari.

Yana zaro su na ga hannunsa ya canza. Ya lalubi aljihun kwat, ya lalubi na wando. Gilashin yana can Al Quoz cikin rigar aiki. A nan ya kamata ya tsaya. Amma mutum ne da ya yi shekaru yana tona kwalaye yana neman irin wannan ɗaurin, sai ga shi an ajiye masa a gaba kusa da kofin shayi.

"Ticha! Ka san abin da ka riƙo kuwa? Dubi kusurwa. Dubi ja ya hau wuyan doki. Ga hatimi ma. Kuma wannan launin takardar, shekaru ne kawai ke yin sa. Hajiya, wannan ya girmi mahaifinku nesa ba kusa ba. Ya kuma sha hannu, dubi yadda gefen nan ya cinye."

Murna yake yi, bawan Allah. Bai san mu uba muka zo tambaya ba. Yaya ta ajiye kofinta ko kurɓa ba ta yi ba. Ta ce, "To. Mun gode," ta gyara mayafi, ta fita ta tsaya a rana, a watan da ko kyanwa ba ta tsayawa a rana a garin nan.

Sai a lokacin ya tambaye ni ko lafiya, na ba shi labari tun daga aljihu har Kawu. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ni kuwa na matso da kujera na yi ƙasa da murya.

"Injiniya, abu ɗaya nake roƙo. Ka bi ta ka ce ka sake dubawa, sabo ne. Wa zai sani? Kawu ko sunansa da boko bai iya rubutawa ba."

Kunyar wannan roƙon har yau ba ta sake ni ba. Malamin tarihi, yana neman a gyara masa shekara a shagon shayi.

"Ticha, in na yi maka wannan, duk 'yan takardun da ke cikin kwalayen can sun zama shara. Ba zan faɗi abin da ban gani ba." Ya juya kofinsa. "Sai dai kuma yanzun nan na gama faɗin abin da ban gani ba. Gilashi bai hau ba. Ka bar mini su kwana biyu."

Da na gaya wa Yaya, ta ce ya riƙe su har tashin duniya in ya ga dama.

Ranar Litinin ta shiga kasuwar Deira ta yi sari ba ta yi ciniki ba. Duk abin da aka faɗa sai ta ce halas, a ɗaure. Wani mai shagon takalma da ya saba shan wuya a hannunta ya kira ni a waya yana tambaya ko Hajiya ba ta da lafiya ne.

Talata da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Ticha, ka kawo Hajiya Al Quoz lokacin hutun rana. Na yi kuskure. A gabanta na yi shi, a gabanta zan gyara."

Maɗaba'ar wani ƙaton sito ne mai warin tawada. Injina sun yi shiru, ma'aikata sun baje a kan kwalaye a inuwar bango. Ya share tebur guda ya shimfiɗa farar takarda, ya shimfiɗa wata a kan kujera saboda kayan Hajiya. Katunan suna jere daga ɗaya zuwa talatin da shida, yadda muka kawo su. Ya kifa gilashi a kan wuyan dokin.

"Hajiya, sa idonki nan."

"Ni ba na kallon kayan duba."

"Tawada za ki kalla. Hoton ma ba za ki gan shi ba."

Ta sunkuya tana riƙe da mayafi, ta rufe ido ɗaya kamar mai zura zare a allura.

"Ɗigo-ɗigo ne. Kamar an baza gero a faifai. A jere suke kuwa, kamar 'yan furanni."

"Yawwa. Launin da aka shafa da hannu sumul yake, kamar lalle. Waɗannan furannin inji ne kawai ke yin su, irin wancan da nake gyarawa." Ya nuna wani jibgegen ƙarfe a bayansa. "Wani kamfani ne ya ɗauki hoton tsohon kati, da kuskurensa da hatiminsa da komai, ya sake bugawa don masu sha'awa. Jan da ya hau wuyan doki ma hotonsa aka ɗauka. Da na sa gilashi ran Lahadi, minti ɗaya ya ishe ni."

"To wannan ja-jan fa?" in ji ni. "Kai ka ce shekaru ne."

Ya ɗauko ɗan auduga a tsinke, ya ɗan jiƙa, ya goga a gefen kati ɗaya a hankali. Auduga ta yi ruwan ƙasa, wurin ya fito fari.

"Tsufan takarda daga ciki yake tasowa, ba ya gogewa. Wannan daga waje ya hau. Littattafan da na koyi aikin nan a ciki duk Turawa suka rubuta. Sun yi maganar hayaƙin taba, sun yi maganar danshi, ba wanda ya ambaci wannan. Ran Lahadi na ji ƙamshi a jikinsu, na ce ai Dubai ce, ko lif ka shiga turare yake yi. Hajiya, yaya kike yi da kayan Baba?"

"Yadda kowace mace take yi mana. Duk Juma'a da safe in sa garwashi a kasko, in zuba turaren wuta, in kifa kabbasa, in lulluɓa rigar da zai sa…" Ta tsaya.

"Da abin da ke aljihun?"

"Shi yake mayar da jakarsa cikin rigar da kansa, sannan ya miƙo mini. Wa yake lalube aljihun ubansa? Ni na ɗauka laya ce."

"Tun yaushe?"

"Tun rasuwar Umma."

Na yi lissafi a zuci, halin malanta ba ya barin mutum. Juma'a ta haura dubu.

"To ke kika tsofar da shi, Hajiya. Kin yi aikin shekara ɗari a cikin ashirin da 'yan kai. Da masu jabun kayan tarihi sun san da ke, da tuni sun yi miki biza."

Ta kusa yin dariya, amma ta haɗiye. Yaya ba ta karɓar kaya sai ta ƙirga.

"Na ji, na inji ne. Amma injin nan ai tun Baba na gani akwai irinsa. Jaridun da yake karantawa da hannu aka zana su? Sabo na yaushe, shi nake tambaya."

Fuskar Injiniya ta yi haske. "Ticha, yayarka ta fi ka aji."

Ya buɗe jakarsa ya fito da ɗauri biyu daga nasa tarin, irin namu sak, sai dai su da kwalinsu. A gindin kwali ɗaya an rubuta an yi shi a Jamus ta Yamma. A ɗayan, Jamus kawai. Ya zaro katin jirgin ruwa daga kowanne, ya jera su uku, namu a ƙarshe, ya sa muka bi su da gilashi ɗaya bayan ɗaya. A na farko sararin da ke saman jirgin tas yake. A na biyu akwai wani farin layi siriri kamar gashi. A namu gashin nan yana nan a wurinsa, amma ya ƙara tsawo har ya taɓa gajimare.

"Fim ɗin da ake yin farantin bugu da shi ne ya karce," in ji shi. "Duk lokacin da aka jawo shi daga durowa za a sake bugu, karcen ƙaruwa yake, ba ya raguwa. Na yi shekara talatin ina faɗa da yara a kan wannan. Saboda haka naku ya zo bayan na biyu. Na biyu kuma ya zo bayan ƙasar ta daina kiran kanta ta Yamma. Ticha, nan kuma gonarka ce. Yaushe Jamus biyu suka koma ɗaya?"

Tun da na sauka Dubai, ranar ce ta farko da wani ya nemi abin da ke cikin takardar shaidata. Na faɗi shekarar. Ina shekara ta biyu a kwalejin horon malamai muka ji a rediyo, har malaminmu ya sa muka gyara taswira da jan biro. A lokacin Baba ya yi kusan shekara goma ana jan sa zuwa masallaci.

Yaya ta dafa tebur da hannu biyu. "Sake faɗa, Injiniya. A hankali."

"Ba a buga katin nan kafin haɗewar Jamus ba. Baba bai taɓa ganin hoton da ke jikinsu ba, ko sau ɗaya. A kan wannan zan sa hannu."

Ta yi hamdala ta fi sau goma, tana goge ido da gefen mayafi. Sannan 'yar kasuwar ta dawo, ta nemi gyara.

"To ka haɗa mini da cewa ba a taɓa amfani da su ba. Sababbi ne fil, hayaƙi ne kawai."

"A'a, Hajiya. An taɓa su. An sha taɓa su."

Na ji kamar in toshe masa baki. Amma ya riga ya ɗauko kati uku ya jera.

"Mai duba sai ya cakuɗa. Katin da ake cakuɗawa fuskarsa kan karce, bayansa ya lanƙwashe a tsakiya, kusurwa huɗu duka su cinye. Ku duba waɗannan. Fuska tas, baya a miƙe. Kusurwa ɗaya ce ta cinye, ta sama a dama, kuma a dukansu talatin da shida, daidai wa daida. Wani ne yake riƙe su a dunƙule yana bin kusurwar da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, sau ba adadi. Ban taɓa ganin irin wannan ba, kuma ban san sunansa ba. Wane aiki Baba ya yi kafin ido?"

"Reluwe," muka ce tare. "Mai sayar da tikiti."

Injiniya ya ɗauki ɗaya daga cikin nasa ɗaurin, ba namu ba, ya riƙe a hannun hagu, ya ɗora babban yatsan dama a kusurwa ya fara saki: ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Tikitin jirgin ƙasa na da ɗan kwali ne mai tauri, kuma haka akawu ke ƙirga ragowarsa in za a tashi aiki.

Yaya ta rufe baki da hannu.

"Wannan ƙarar. A zaure, bayan la'asar, hannunsa cikin riga. Wallahi na sha cewa a raina carbin Baba ƙararsa daban take."

Wani daga cikin ma'aikatan ya leƙo ya ce yalla, lokaci ya yi, Injiniya ya ce masa shwayya, wato ya ɗan dakata. Na tambaya ko wa ya ba Baba katunan. Yaya ta fara jero mutane: wani tsohon abokin aikinsa da ke zuwa hira, wani jika da ke yawon kasuwar gwanjo. Muka juya wajen Injiniya.

"Takarda ba ta faɗi wannan ba. Kada ku sa ni kuskure biyu a sati ɗaya."

Ta ce ya rubuta mata komai da Hausa, kuma da biro, don in fensir ne Kawu zai ce an goge an gyara. Ya zauna ya rubuta da ƙananan haruffansa masu kama da na inji. Na leƙa ta kafaɗarsa na ga layin farko: "Da farko na ce katin nan tsoho ne ƙwarai. Na yi kuskure, domin na yi magana ban auna ba."

"Injiniya, cire wannan," na ce. "Nan Kawu zai kama ya ƙi saki."

"Haka aka yi, Ticha."

"Bar shi," in ji Yaya. "Kawu bai taɓa jin namiji ya ce na yi kuskure ba. Ko don mamaki zai tsaya ya ji sauran."

Ta naɗe takardar ta sa a cikin fasfo. Sannan ta ce Kawu ba ya yarda da abin da bai gani ba, a ba ta aron gilashin. Na san gilashin nan ya fi shekara ashirin a aljihunsa, kuma da shi yake cin abinci. Ya goge shi da gefen riga, ya naɗe a takarda ya miƙa mata, ya ce har zuwanta na gaba zai riƙa aron na wani ɗan Filifin da ke ɗaya injin.

Ba na wurin da aka yi taron dangi, a waya ta ba ni labari. A zauren Baba ta tara su, ta aika aka kira matar liman. Ta karanta takardar tun daga kuskuren har sa hannu. Ta sa Kawu ya manna ido a gilashi, ya ga geron, ya ga gashin da ke saman jirgi. Ta ɗauki katunan ta yi musu ƙas, ƙas, ƙas, sai ga gwaggonmu tana kuka, ta ce ita ma ta san ƙarar. Kawu ya ɗago ya ce shi dama bai taɓa cewa komai ba, mutanen yanzu ne ba sa fahimtar magana.

Liman ya ba da shawarar kada a ajiye hotunan a gida, tunda asalinsu na duba ne, ko da mai su bai sani ba. Yaya ta riƙe jakar yadin, ta dawo wa Injiniya da katunan tare da gilashinsa, ta ce a hannunsa dai ta san ba za a yi musu ƙarya ba.

Juma'ar da ta biyo bayan taron, da aka idar da salla, liman ya sa aka yi wa tsohon ladan addu'a da suna. Kawu yana sahun gaba. Yaya ta ce tun daga ɓangaren mata ana jin aminsa ta fi ta kowa ƙarfi.